Ango Ya Sayo Kare, Amarya Ta Gaji Aiki

A sababbin unguwannin bayan gari, irin su Lugbe da Kubwa a Abuja, ko gefen Kano da Kaduna inda gidaje ke tsirowa jefi-jefi a tsakiyar gonaki, yanzu ana jin haushin kare daga gidajen da labulensu bai ko dushe ba. Gidajen sababbin aure ne. Hayar cikin gari ta fi ƙarfin saurayin da ya gama haɗa lefe, sai ya kai amaryarsa inda maƙwabci ke da nisa, titi babu fitila, ofishin 'yan sanda kuma sai an hau babur. Shi yana fita tun da sassafe, wani lokacin aiki ya kai shi wani gari ya kwana biyu. Kuɗin maigadi ba zai iya ba. Sai aboki ya ce masa, "Ka nemi kare mana." Ranar Asabar sai ga shi da kwikwiyo a cikin kwali.

Tsoron da ya kai shi ga haka gaskiya ne, a ƙasar da sata da garkuwa da mutane suka kutsa har cikin rukunin gidaje masu katanga. Kuskuren yana wajen yadda ake yanke shawarar. Sau da yawa matar ba ta san da zancen ba sai ta ga kwalin, ita da ta tashi a gidan da in kare ya leƙo zaure yara ke bin sa da jifa. Ranar Litinin maigida ya ɗauki makullin mota ya fita, daga nan komai ya koma kanta. Ita za ta dafa masa, ta kwashe kashinsa kafin ta yi shanya, ta wanke tsakar gida, ta ɗauke buta da dardumar salla daga inda bakinsa zai kai, ta kuma saurari kukansa duk yini. In kaska ta cika masa kunne ita za ta fara gani. Da yamma maigida ya dawo, kare ya yi tsalle yana kaɗa jela, a ɗauki hoto a sa a WhatsApp.

Akwai asarar da mijin ba ya gani domin ba ya nan lokacin da take faruwa. Ɗan garuwa ya tsaya a ƙofa ya ce ba zai shigo ba. Almajirin da ke mata aike ya daina zuwa. Ƙawayenta in sun zo sai sun buga waya daga waje: "A ɗaure kare tukuna." Uwar miji ta ce, "Ni dai ba zan taka gidan nan ba muddin wannan abin yana ciki," kuma fushin ba kan ɗanta yake sauka ba. Dabbar da aka kawo don ta rage wa amarya fargabar zaman kaɗaici sai ta yanke mata 'yan ƙafafun da ke ɗebe mata kewa. Wanda ya ɗora wa matarsa irin wannan nauyi ba tare da ya tambaye ta ba ya zalunce ta, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Batun addini shi ne wanda ake fara jayayya a kai, kuma galibi kowa rabin magana yake riƙe da ita. Hadisai a Bukhari da Muslim sun yi gargaɗi cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, in ba don farauta ko kiwo ko gadin gona ya ajiye shi ba, kuma mala'iku ba sa shiga gidan da kare yake. Malamai irin su Ibn Abdil Barr da Nawawi sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da dabbobi idan buƙata ta tabbata. A mazhabar Malikiyya da akasarin Hausawa ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai bin umarni ne. Masu sharhin Risala ma sun kawo labarin cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gidansa saboda tsoro a zamanin da yake ciki. Wannan ya buɗe ƙofa ga ma'auratan da ke cikin haɗari na gaske su ajiye kare a harabar gida. Bai buɗe ta ga mai son ya kwantar da shi a kujerar falo don a ce ya waye ba.

Littattafan Bukhari da Muslim kuma su ne suka ruwaito mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, da matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wannan ɓangaren ne masu kare da yawa ba sa son tunawa. A leƙa bayan gidajen nan da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40. Za a tarar da kare ɗaure da sarƙar da ba ta kai taku uku ba, a kejin kwano, ruwansa ya yi zafi ko ya kife tun safe. Wasu ma don burgewa sukan sayo irin karen tsaunukan Kokeshiya, mai gashi kamar bargo, wanda aka halitta don ƙanƙara, su ajiye shi a Gusau. Karen gida da mafarauta da makiyaya suka daɗe suna tafiya da shi ya fi jure zafi da cututtukan nan, sai dai ba ya kyau a hoto. Abincin kuwa ragowar miya ce mai cike da albasa, alhali albasa na lalata jinin kare, da ƙashin kaza dafaffe da ke tsagewa ya soke masa hanji. Wasu na ganin yunwa da ɗauri ne ke sa kare zafi. Suna sa shi zafin, amma ba ya bambance ɓarawo da yaron maƙwabta da ya shigo ɗaukar ƙwallo.

"Ba ya cizo." Babu maganar da mai kare ya fi yawan faɗa kamar wannan, kuma babu wadda ta fi haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasin cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samu. Cutar na iya kwanciya wata biyu ko uku bayan rauni ya warke, kuma da zarar alamunta sun bayyana, da tsoron ruwa da zabura, kusan babu mai tsira. Maganin abin kuwa yana kusa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa allurar rigakafin karnuka, akwai kuma asibitocin dabbobi na jihohi da na jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya. Ana yi wa kwikwiyo yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. In an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, ba a tsaya shafa toka ko neman gashin karen ba. Mai karen ne ya kamata ya biya kuɗin allurar wanda aka ciza, ba sai an kai ƙara wajen mai unguwa ba.

Kare na rayuwa shekara 10 zuwa 13. Kwikwiyon da aka shigo da shi watan farko na aure zai iya kasancewa a gidan har ɗan fari ya gama firamare. Wannan lissafin ya kamata miji da mata su zauna su yi tare kafin a sayo: wa zai ciyar, wa zai share, nawa abinci da allura za su ci daga albashi, ina za a kai shi in ta tafi wankan gida, me za a yi in sabon mai gidan haya ya ce ba ya son kare. Gidajen da aka yi wannan zaman suna nan, kuma ana gane su. Maigida ne ke kwashe kashin da asuba kafin ya fita, katin rigakafi na cikin durowa, kare na da inuwa da fili, ana kuma rufe shi kafin baƙo ya ƙwanƙwasa sau biyu.

Inda ba a yi zaman ba, ƙarshen yakan zo da haihuwar farko. Dangi su taru su ce kare ko jariri, sai a sa shi a bayan mota a kai shi wata unguwa mai nisa a buɗe masa ƙofa. A can zai shiga garken karnukan bola, babu allura, babu mai shi, a kan hanyar da 'ya'yan wasu ke bi zuwa Islamiyya.