Wadda ba a taɓa aikenta niƙa ba, za ta iya aikin dare a asibiti?



Kwanakin baya ina tsakar gida ina tsince shinkafa, babbar 'yata da ke ajin ƙarshe na sakandare ta zo ta durƙusa kusa da ni, ta ce, "Umma, ni fa na gama shawara, karatun ungozoma nake so." Kafin in buɗe baki, Hajiya mahaifiyata da ke jan carbi a kan tabarma ta ɗago kai ta ce, "Wannan? Da ko niƙa ba a taɓa aikenta ba? Ita za ta tsaya kan mai naƙuda da ƙarfe biyun dare?" Muka yi dariya, don an san wasan kaka da jika. Amma da maganar na kwana.

Hajiya a ƙauye ta tashi. Tana 'yar shekara bakwai take kai abinci gona ita kaɗai, ta ɗebo ruwa a rafi, ta goyi ƙanne. Ta san hanya, ta san mutane, sai dai ba ta taɓa shiga aji ba, kuma da aka yi mata aure yawon ya ƙare. Ni a birni na tashi, na yi boko da allo, amma da mun taso ba mai tambayar ina muke sai magariba. Mun yi gaɗa a dandali, mun yi carafke da 'yar gala-gala, da azumi mu bi gida-gida muna tashe. Ina aji huɗu na firamare aka ba ni kati da kuɗi a ɗaure a bakin zane, na kai ƙanena asibitin sha-ka-tafi, na yi wa malamin asibiti bayanin zazzaɓinsa da bakina.

'Yata kuwa daga get sai mota, daga mota sai aji, sai Islamiyya, sai ɗaki da waya. Ni na tsara mata haka, kuma ba na jin na yi wauta. Wace uwa ce ta ji labarin Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, ba ta ƙara ja wa ƙofarta sakata ba? Ga satar yara a unguwanni, ga ƙwacen waya. Kuma kada mu yi wa zamanin da ado fiye da kima: talla ta cinye karatun 'yan mata da yawa, kududdufi ya ci yara.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Mu ɗin nan da muka kulle yaranmu, mu ne idan mun je awo ko haihuwa muke addu'ar Allah Ya sa mace za mu tarar. Wannan macen 'yar wata ce, kuma sai da aka sake ta ta fita kafin ta zama abin da ta zama.

Ta fuskar takarda, hanyar a bayyane take. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, fizik, kemistiri da bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. A tsarin da aka saba, karatun jinya shekara 3 ne, na ungozoma ma haka, sannan a ci jarrabawar Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya kafin a samu lasisin aiki. Digirin jinya a jami'a shekara 5 ne. Likita kuwa shekara 6, da ƙarin shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Akwai kuma kwalejojin fasahar kiwon lafiya da ke yaye ma'aikatan lafiya na matakin farko, waɗanda su ne ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara.

Abin da takarda ba ta faɗa shi ne, rabin karatun a tsaye ake yinsa. Ɗaliba za ta gyara gadon maras lafiya, ta wanke ciwo mai wari, ta yi aikin dare. Za a tura ta ƙauyen da ba ta san kowa ba. Ɗalibar ungozoma sai ta karɓi haihuwa da hannunta sau da dama kafin a yaye ta. Wata maƙwabciyata da ta daɗe tana aikin jinya ta ce mini ganin jini ba shi ne matsala ba, ido yana sabawa. Abin da ke ba su wahala da sababbin ɗalibai shi ne yarinya ta ci jarrabawa da kyau, amma ba ta iya gaida tsohuwa ta ja ta da hira har ta faɗi inda ke mata ciwo ba. Ba ta iya buɗe baki ta ce wa babba, "Ranka ya daɗe, numfashin wannan ya canja," ba. Idan abu ya rikice, waya take lalube ta kira gida. Wannan duk mu a hanyar niƙa da layin famfo muka koya, ba mu ma san koyo muke ba.

Ba cewa nake mu buɗe ƙofa mu ce su tafi ba. Sakin na da ba zai dawo ba, ni ma ba na so ya dawo duka. Amma tsakanin kulle da sake akwai fili mai faɗi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na fara da ƙananan: cefane a kasuwar unguwa ita da ƙanwarta, ta yi ciniki da bakinta. Idan an yi baƙi ita ke tarbarsu, ba ta gudu ɗaki ba. Da ƙanwar babanta ta haihu, ita na bari ta wuni da mai jego. Ƙanenta namiji ma bai tsira ba, don shi ma wai likita yake so ya zama, ga shi ko maɓalli bai iya ɗinkawa ba.

Jiya Litinin ranar Hajiya ce ta zuwa auna hawan jini, sai na ce jikarta ta kai ta, ba ni ba, ba direba ba. Suka hau adaidaita sahu. Na zauna da waya a hannu, sau uku ina danno lambarta ina fasawa. Sai bayan azahar suka dawo. Ashe ta bi layin da ba nasu ba har kusan awa guda, kunya ta hana ta tambaya, sai daga baya ta daure ta tambayi wata nas. Amma ta dawo da magani daidai, ta kuma rubuto awon a bayan kati.

Na ce, "Hajiya, yaya ungozomar taki?"

Ta taɓe baki ta ce, "Mai adaidaita ya cuce ta naira ɗari. Wata mai zuwa ma ita za ta kai ni."