RA'AYINMU: CIGIYAR WANDA BA YA IYA FAƊIN SUNANSA

Garin Karshi yana can kan hanyar da ta taso daga Nyanya, ta ratsa Karu da Jikwoyi da Kurudu da Orozo, a gefen Babban Birnin Tarayya. Daga nan taku kaɗan ne mutum ya faɗa Jihar Nasarawa. Ga mai lafiya wannan iyaka ba kome ba ce. To, amma a ce kurma ne, ko mai taɓin hankali, ko tsohon da gigin tsufa ya kama, ya fita da hantsi bai komo ba. Kafin la'asar ya bar hannun 'yan sandan Abuja ya shiga na Nasarawa, kafin gari ya waye kuwa wata motar kaya tana iya sauke shi a Lakwaja ko Anacha. Danginsa suna ta cigiya a Karshi, alhali shi yana inda ba mai jin harshensa, in ma yana da bakin magana.

Wannan al'amari ya shafe ku, masu karatunmu na Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, ta fuska biyu. Da yawanku kun baro iyaye da ƙanne masu lalura a gida, kuna aike musu da abin da ya samu. Sa'an nan kuma a unguwanninku, irin su Agege da Idi-Araba da Sabo, ake yawan kai duk wani baƙon da aka tsinta da kamannin ɗan Arewa.

Cigiya ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Tun zamanin da, in abu ya ɓace akan gaya wa mai unguwa, sankira ya zaga gari, liman ya faɗa bayan salla. Da rediyo ta zo, ita ma ta ɗauki aikin. Wannan tsari ya yi amfani domin gari ƙarami ne, kowa ya san ɗan gidan wane. Yanzu kuwa mota ta fi muryar sankira gudu. Wanda yake shakka ya tuna da yaran nan tara da 'yan sandan Kano suka ba da sanarwar ganowa a watan Oktoba na 2019: daga Kano aka sace su, a Jihar Anambara aka same su, waɗansunsu bayan shekaru.

A watan Satumba na 2022 hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ta haɗa kai da kamfanin Meta, suka kawo shirin cigiyar gaggawa mai suna AMBER. Asalinsa daga Amurka ne, inda aka fara shi a 1996 bayan an sace wata yarinya a Jihar Teksas aka kashe ta. Yadda yake aiki shi ne, in an tabbatar an sace yaro, sai hotonsa da bayaninsa su fito a Facebook da Instagram na mutanen da ke yankin. Mun yaba da wannan, ba shakka. Sai dai shirin na yara ne da aka sace. Bebe mai shekara 30 da ya ɓata hanya ba ya ciki, tsohuwar da ta manta sunan garinsu ba ta ciki. Bugu da ƙari, ɗan dako a kasuwar Mile 12 da mai shayi a bakin tasha, waɗanda su ne za su fara ganin mutumin, yawancinsu ƙaramar waya ce a aljihunsu. Su can Amurkan sun lura da wannan giɓi: jihohi da dama sun yi wa tsofaffi nasu tsarin, Jihar Filorida kuma ta fara na manya masu naƙasar ƙwaƙwalwa a watan Yuli na 2022.

Abin da ya sa muke ganin gaggawa ce shi ne, ɓataccen da ba ya iya bayanin kansa yana tsakanin haɗari biyu. Na ɗaya taron jama'a. Kowa ya san yadda ihun "ɓarawon yara" yake tara mutane cikin ƙiftawar ido, ya kuma san cewa masu taɓin hankali ne suka fi shan wannan ukuba. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, mutane ne masu hankalinsu da bakinsu, maganarsu ba ta cece su ba. Ina ga wanda aka tambaye shi ya yi shiru domin bai ji tambayar ba? Na biyu kuwa kamen mabarata, irin wanda Hukumar Abuja ta ƙaddamar a watan Oktoba na 2024, da wanda Jihar Ikko ta daɗe tana yi. Motar kame ba ta bambanta mai bara da wanda ya ɓata hanya. Ana iya ajiye mutum a gidan gyaran hali na Majidun ko na Bwari wata da watanni, danginsa kuwa sun gaji da nema har sun fara zancen sadakar uku.

Ba doka ce muka rasa ba. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, a 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, ga kuma lambar gaggawa ta 112 da Hukumar Sadarwa ta NCC ta tanada. Kamata ya yi waɗannan hukumomi biyu su zauna da 'yan sanda su fito da tsari guda: da zarar an kai rahoto, saƙon tes ya tafi ga wayoyin da ke yankin, manya da ƙanana, cikin Hausa da Turanci da harshen wurin, gidajen rediyo kuma su maimaita. A daina ce wa dangi su je su dawo bayan awa 24, gama wanda ke shan maganin farfaɗiya ba shi da wannan lokaci. Kowane gidan ajiye mabarata a tilasta masa ya miƙa sunaye da hotunan waɗanda aka kawo masa kowane mako. Lambar da za a sa a saƙon kuwa ta hukuma ce za ta zama, ba ta iyali ba, domin 'yan damfara sun iya bin takardun cigiya suna neman kuɗin fansa a kan mutumin da ko ganinsa ba su taɓa yi ba.

Mun san tafiyar hukuma, saboda haka kada a zauna jira. Sarakunan Hausawa na Kurmi suna da fada, suna da mutane a kowace tasha da kasuwa. Kowannensu ya buɗe littafin cigiya, ya naɗa mutum ɗaya mai riƙe da shi, su riƙa musayar labari da junansu, da shugabannin direbobi, da Sarakunan Makafi da na Guragu, da fadar masu gari irin ta Karshi. Ku kuma, in za ku aika da kuɗin wata, ku haɗa da saƙo: a ɗauki hoton mai lalurar nan a ajiye, a rubuta sunansa da garinsu da lambar waya biyu a ƙyalle, a ɗinke a cikin wuyan kowace rigar da yake sawa.