Karen sarkin Ingila a ƙasar Kurfai

A Ingila akwai wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, Cavalier King Charles, wanda ya samo sunansa daga sarki Charles na biyu. Nauyinsa bai cika wuce kilo 8 ba, ciwon zuciya kuwa gado ne a jinsinsa. Wanda ya kawo shi Filinge ya sayi wahala da kuɗinsa: zafin bazara ya galabaitar da shi, ƙarangiya ta cika masa kunnuwa, kaska ta sha jininsa. Alhali ga azawak, karen Buzaye mai tsaron garke, wanda Turawa ke saye da tsada. Shi kam ya san rana, ya san ƙaya. Allurar rigakafin hauka yake jira tun yana wata 3.