Hoton Shafi Ba Hujja Ba Ne

Masu tattara salsala a intanet sun ɗauki hoton shafin littafi tamkar yankakkiyar hujja, alhali galibi ana ɗora shi ba sunan marubuci, ba shekarar bugu. Dubi jerin sarakunan Kano da ke yawo da 999 a gaban sunan Bagauda. Wannan shekara lissafin Palmer ce a fassararsa ta 1908. Kundin Larabcin tsawon mulki kawai ya ambata. Wanda ya ga shafin tsurarsa zai jingina wa magabata ƙiyasin Bature. Tun da a kan salsala ake jayayyar gadon sarauta, bai kamata manazarci ya karɓi hoton da ba a haɗa da bangon littafinsa ba.