Ra'ayinmu: Haske Cikin Ɗigon Jini

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya zagaya ɗakunan asibitin koyarwa ya sani sau da yawa mai sankarar mama ba ta isowa gaban likita sai ciwo ya ci ƙarfinta. Don haka labarin na'urar da za ta iya gano ciwon daji daga ɗigon jini ya cancanci a tsaya a kansa.

Asalin abin daga wata 'yar tsutsa ne. Cikin 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun na Amurka suka bayyana aikin maikro-RNA, wani guntun sinadarin gado mai harufa kamar 22, wanda ke takawa ƙwayoyin halitta birki. Aikin ya jawo musu lambar Nobel a 2024. Cikin 2002 aka ga miR-15 da miR-16 sun ɓace a wani irin sankarar jini, a 2008 kuwa aka tabbatar irin waɗannan guntaye na yawo cikin jini ba su lalace ba.

Dabarar kamo su abin sha'awa ce. Akan ɗaura wa zaren DNA rini mai ƙyalli, a kwantar da shi bisa fallen girafin wanda ke shanye hasken. In guntun da ake nema yana nan, sai ya manne wa zaren, su ɗago tare, haske ya bayyana. Wasu masana kan yi aiki da ɗigon kwantom, wanda girmansa ke sa launin haskensa.

Amma fa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. miR-21 da ake yawan farauta yakan hau a sankarar mama da ta huhu, yakan kuma hau a ciwon zuciya da kumburi. Har wa yau, fashewar jajayen ƙwayoyin jini na zubo miR-16 da miR-451, ta dagula awo. To, ina ga ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da sikila ke fasa ƙwayoyin jinin miliyoyi? Awon da aka daidaita a Boston zai iya tsorata lafiyayye a nan, ko ya sallami majinyaci.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dattawan jami'a ta haɗa sashen kimiyyar sinadarai da tsangayar likitanci a aiki ɗaya, ta tanadi firji mai tsananin sanyi da wutar da ba ta yankewa, a fara tara jinin majinyatanmu da yardarsu.