Gani Ya Kori Ji: Darasin Newton a Titin Bompai

Ɗalibanmu kan haddace ƙa'idojin motsi uku da Isaac Newton ya wallafa a 1687, amma kaɗan ne ke gane su a titin Bompai. Kayan da ke zamewa gaba idan direban tirela ya taka burki, ƙa'ida ta farko ke nan. Mai kura da ke ƙara ƙarfi gwargwadon nauyin lodinsa, ta biyu. Ƙafarsa na tura ƙasa baya, ƙasa na tura shi gaba, ta uku.

Don haka muke kira ga reshenmu da ya nema wa ɗalibai izinin ziyartar masana'antun Bompai, Sharada da Challawa kowane zango. Hadda kaɗai ba za ta haifar da injiniyoyin da za su tayar da masaƙun Kano da suka durƙushe ba.