RIJIYA TA BAYAR, GUGA YA HANA

'Yan'uwa talakawa, ku kasa kunne. Tun 1970 aka buɗe kwalejin horon malamai a Sakkwato, wadda yau ake kira da sunan Shehu Shagari. A 1975 aka kafa jami'a. Masana a can suna binciken hanyar da za a koya wa yaro lissafi da kimiyya har ya gane. Madalla. To, ina abin ya maƙale, bai iso ajin 'ya'yanmu ba?

Mahukunta za mu tambaya. A 2015 suka yi shelar dokar ta-ɓaci kan ilmi. A 2022 hukumar WAEC ta bayyana cewa Jihar Sakkwato ba ta gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati wurin jarrabawarta ba. Makarantun kuɗi kuwa sun shiga.

Kada kowa ya ce mana ɗan talaka daƙiƙi ne. Yaron da ke lissafa ribar buhun albasa da ka a Kasuwar Kara, alƙalami zai gagare shi?

Muna biyan haraji. Muna neman a kai binciken nan cikin aji, a horar da malaman firamare, a ba su kayan gwaji. In an ƙi, mu haɗu ranar ƙuri'a.